Tsofaffin Faya-fayan Garmaho: Me Ya Sa Allura Ta Fi Kwamfuta Muhimmanci Wajen Ceto Waƙoƙin Hausa

Duk wanda ya saba neman tsofaffin waƙoƙin Hausa a YouTube ko a zaurukan WhatsApp ya san irin sautin da ake samu. Ƙara kamar ana suyar gyaɗa, muryar mawaƙi a shaƙe, kalangu kamar ana dukan kwali, 'yan amshi kuma sun cakuɗe har ba a rarrabe abin da suke faɗa. Da yawa daga cikin masu sauraro sun riga sun yanke hukunci cewa haka waƙoƙin da suke, wai na'urorin wancan zamani ne ba su da inganci.

Wannan hukunci bai yi wa su Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Haruna Uji adalci ba. Faya-fayan da kamfanoni irin su EMI suka buga a Nijeriya a shekarun 1970 an ɗauke su ne da kayan aiki na ƙwararru, kuma sautin da aka zuba a cikinsu ya fi abin da ke yawo a wayoyi yau nesa ba kusa ba. Abin da ke ɓata shi, a mafi yawan lokuta, wani ɗan ƙaramin abu ne da ba a cika kula da shi ba: allurar da aka karanta faifan da ita, da kan da ke riƙe da allurar.

Matsalar ta wuce ta daɗin sauraro. Allura mara kyau tana cin faifai, kuma abin da ta cinye ya tafi ke nan. Saboda haka duk mai niyyar mayar da tsohon faifai zuwa kwamfuta, allura ce ya kamata ya fara kashe wa kuɗi, kafin manhaja, kafin lasifika, kafin komai.

Abin da ke kwance a cikin akwatuna

A garuruwa irin su Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, garmaho da rediyo mai haɗe da na'urar faifai kaya ne na masu hali a zamaninsu: 'yan kasuwa masu zirga-zirga zuwa Kano da Zariya da Funtuwa, malaman makaranta, ma'aikatan En'e, da tsofaffin sojoji. Rogo tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, wato tana cikin yankin da Shata ya fi kai-kawo, tunda an haife shi a Musawa kuma ya daɗe yana zaune a Funtuwa. Da kaset ya shigo ya mamaye kasuwa a shekarun 1980, sai aka tura faya-fayan ƙarƙashin gado da cikin adaka, aka manta da su.

Yanzu jikokin masu waɗannan kaya ne ke buɗe akwatunan. Matasa ne masu waya da kwamfutar tafi-da-gidanka, wasunsu ma su ne ke da shagunan tura waƙoƙi a memori. Sun san cewa tsohuwar waƙa tana da masu nema, kuma niyyarsu mai kyau ce. Hatsarin shi ne abin da ke biyo baya: a samo tsohuwar na'ura wadda allurarta ta shekara arba'in ba a canza ba, ko a sayo sabuwa mai araha mai kama da jakar hannu, a ɗora faifan, a kara waya a bakin lasifika, a ɗauka.

Waɗanda suka rera waƙoƙin sun riga mu gidan gaskiya. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Babu mai sake shiga ɗakin ɗaukar murya. Manyan kamfanonin waje da suka buga faya-fayai a Legas sun daɗe da sauya hannu: EMI ya koma Ivory Music, PolyGram ya koma Premier. Zaren ɗaukar murya kuwa ba ya jure zafi da laima na shekaru masu yawa. Don haka faifan da ke cikin adakar wani gida a Karaye shi ne kwafi mafi kusa da asali da talaka zai iya kai hannunsa a kai.

Yadda allura ke karanta faifai

A kan kowace fuskar faifai akwai tsagi guda ɗaya tak, wanda ya naɗe daga baki zuwa tsakiya. Faɗinsa kusan kaurin silin gashi ne, amma a babban faifai mai ɗaukar minti 20 tsawonsa ya haura mita 400. Bangon tsagin ba a miƙe yake ba, yana da lanƙwashe-lanƙwashe ƙanana, kuma waɗannan lanƙwashe-lanƙwashen su ne sautin. Ƙaƙƙarfar murya irin ta babban ganga tana yin manyan lanƙwasa masu faɗi. Siririn sauti irin na tsirkiyar kuntigi yana yin ƙanana masu yawa a matse.

Bakin allura yana zama cikin tsagin, faifai na juyawa, bangon tsagi na kaɗa shi hagu da dama sau dubbai a cikin daƙiƙa guda. Wannan girgiza tana bin wani ɗan siririn kara zuwa cikin kan allura, wanda masu sayarwa ke kira katirij. Aikin kan shi ne ya mayar da girgizar zuwa ƙaramar wutar lantarki. Daga nan ne amfilifaya da lasifika, ko kwamfuta, ke karɓa.

Abin lura a nan shi ne: bakin allura ne kaɗai wurin da na'ura ke taɓa waƙar. Duk abin da ke bayansa, komai tsadarsa, abin da allura ta miƙo masa kawai yake sarrafawa. Idan ta tsallake wata lanƙwasa, babu wanda zai ji ta. Idan ta ƙara tata ƙarar, lasifika mai tsada zai fito da ƙarar ne da kyau.

Faifai iri biyu, allura iri biyu

Kuskure na farko, kuma mafi muni, shi ne ɗaukar duk faya-fayai a matsayin abu ɗaya. Hausa ta haɗa su da suna guda, faifan garmaho, amma iri biyu ne mabambanta.

Na farko shi ne tsohon faifai mai nauyi da ke juyawa sau 78 a minti. Da shelak ake yin sa, wani irin ƙaro da aka gauraya da garin dutse, shi ya sa yake fashewa kamar tangaran in ya faɗi. Fuska ɗaya ba ta wuce kimanin minti 3 a faifai mai inci 10. Shi ne na garmaho mai wani da hannu, mai allurar ƙarfe wadda ake sayarwa cikin ɗan gwangwani. An tsara allurar ƙarfen ne don ta cinye kanta a maimakon faifan, saboda haka ƙa'idarta ita ce fuska ɗaya, a jefar, a sa sabuwa. Kan garmahon da ke danna ta yana da nauyin da ya haura giram 100.

Na biyu shi ne faifan roba, wato binil. Kamfanin Columbia na Amurka ne ya fito da babban mai juyawa sau 33 da sulusi a 1948, RCA Victor kuma ya fito da ƙaramin mai juyawa sau 45 a 1949. Tsaginsa ya fi na shelak ƙanƙanta sosai, jikinsa kuma ya fi laushi. Shi ne ya ba mawaƙan Hausa damar shimfiɗa doguwar waƙa a fuska ɗaya ba tare da an datse ta ba.

Bakin allurar da ta dace da faifan 78 ya ninka na faifan roba kusan sau huɗu a faɗi. Idan aka sa siririyar allurar roba a kan faifan 78, sai ta nutse har ƙasan tsagi inda babu waƙa sai datti, tana yawo tsakanin bango biyu, sautin ya fito siriri cike da shuuu. Idan kuma aka yi akasin haka, aka ɗora faifan roba a kan garmaho mai allurar ƙarfe, sau ɗaya ya isa a kashe shi. Nauyin giram 100 a kan roba mai laushi noma ne kawai.

Shi ya sa tsofaffin na'urori da yawa ke da allura mai juyawa, gefe ɗaya an rubuta LP, ɗaya gefen 78. Wanda bai san ma'anar rubutun ba zai iya shekara yana karanta faifai da gefen da bai dace ba. A yau kamfanoni irin su Audio-Technica da Ortofon suna yin allura ta musamman don faifan 78, kuma duk mai irin waɗannan faya-fayai ba shi da madadinta.

Siffar baki da tsufan allura

Ko a cikin allurorin faifan roba akwai bambanci. Mafi sauƙi ita ce mai zagayayyen baki kamar kan biro. Tana da juriya, ba ta da wahalar saitawa, kuma tana haƙuri da faifai mai datti. Rauninta yana bayyana ne a ƙarshen fuska. A bakin babban faifai tsagi yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, amma kusa da tsakiya gudun yana sauka zuwa kusan 20. Wato a can ciki an cusa sauti iri ɗaya cikin wuri ƙasa da rabi. Zagayayyen baki ya yi kauri ga waɗannan matsattsun lanƙwashe-lanƙwashe, sai ya riƙa tsallake su.

Mai sauraron waƙar Hausa zai gane wannan nan take. Haruffan s da sh da ts su ne ke fara fashewa, su koma kamar ana yaga takarda. Muryoyin 'yan amshi, da yake da yawa suke tashi lokaci guda, sai su dunƙule. A waƙar Turawa mai kiɗa da yawa ana iya haƙuri da hakan. A waƙar Shata ko Ɗanƙwairo kuwa magana ita ce jarin: sunayen mutane, garuruwa, kirari, zambo da habaici. Idan kalma ta ɓace, tarihi ne ya ɓace, kuma ɗalibin da zai zo rubuta waƙar a takarda zai cike gurbin da abin da kunnensa ya raya masa.

Allura mai siffar ƙwai ta fi sirantaka a gefen da ke taɓa bango, don haka ta fi bin ƙananan lanƙwasa. Sama da ita akwai masu baki kamar kaifin wuƙa, irin su Shibata, wadda aka ƙirƙiro a Japan a farkon shekarun 1970, da wadda ake kira MicroLine. Waɗannan suna taɓa bangon tsagi daga sama zuwa ƙasa a dogon layi siriri. Amfaninsu ga tsohon faifai babba ne: tsohuwar allura takan cinye wuri ɗaya ne a tsakiyar bango, ita kuwa doguwar tana kaiwa ga sama da ƙasan wurin da aka cinye, inda sauti ke nan lafiya. Wannan ne dalilin da ya sa ma'aikatan adana sauti a manyan ɗakunan ajiya ke tara allurori masu girma daban-daban, su gwada su zaɓi wadda ta fi fito da faifan da ke gabansu.

Kowace allura tana tsufa, ko da ta lu'ulu'u ce. Kamfanin Audio-Technica ya ƙiyasta wa allurorinsa na jerin VM95 kimanin awa 500 ga mai zagayayyen baki, awa 300 ga mai siffar ƙwai, awa 800 ga Shibata, da awa 1,000 ga mafi siririn baki. Allurar safaya da ake sa wa na'urori masu araha ba ta ko kusa da haka. Idan allura ta cinye, gefenta yana zama shafaffe mai kaifi kamar kurfi, sai ta koma sassaƙa bangon da ya kamata ta bi. Ido ba ya ganin wannan, kuma lokacin da kunne zai fara ji, ɓarna ta riga ta yi nisa. Akwai kuma wata 'yar roba a cikin kan wadda ke riƙe da karan allura. Shekaru da zafi suna busar da ita ta ƙandare, ko da ba a taɓa amfani da allurar ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk na'urar da aka gada ko aka sayo ta hannu, a ɗauka allurarta ta mutu, a canza kafin ta taɓa faifai mai daraja.

Kan allura: siramik, MM da MC

Kan allura iri uku ne ake yawan samu. Na siramik shi ne a cikin tsofaffin rediyo masu faifai da kuma sababbin na'urori masu kama da jaka. Yana da araha, kuma yana fitar da wuta mai ƙarfi wadda ba ta buƙatar ƙarin na'ura. Sai dai karansa yana da tauri, don haka sai an danna shi da nauyin giram 4 zuwa 6 ko fiye kafin ya zauna cikin tsagi, sautinsa kuma ba ya kai ƙasa sosai, ba ya kai sama sosai.

Na biyu shi ne wanda ake rubuta wa MM, mai ɗan maganaɗisu a ƙarshen kara yana motsi tsakanin naɗin waya. Yawancinsu nauyin giram 1.5 zuwa 2.5 suke buƙata, kuma ana zare allurar da hannu a sa sabuwa ba tare da an taɓa kan ba. A wasu jerin, kai ɗaya yana karɓar allurar roba da ta 78 duka. Ga mai aikin ceto faya-fayai a Karaye ko Rogo, wannan shi ne zaɓin hankali.

Na uku, MC, naɗin wayar ne ke motsi. Masu kuɗi na yaba shi, amma yana da tsada, wutarsa ba ta da ƙarfi, kuma idan allurar ta cinye yawanci sai an mayar da kan gaba ɗaya. Ba shi da wani amfani a wannan aiki.

Akwai abu guda da ke rikita masu haɗa MM da kwamfuta. Tun 1954 kamfanoni suka fara bin ƙa'idar RIAA, inda ake rage ƙaƙƙarfan sauti a ƙara siririn lokacin yanka faifai, don tsagin ya samu wuri. Dole a juya wannan lokacin sauraro. Ramin da aka rubuta wa PHONO a bayan tsohuwar amfilifaya aikinsa ke nan, kuma ana sayar da ƙaramar na'ura mai yin sa ita kaɗai. Wanda ya zarce da waya daga na'urar faifai zuwa kwamfuta ba tare da ita ba zai samu sauti ƙasa-ƙasa, siriri kamar kukan sauro, kalangu babu ciki. Da yawa daga cikin waƙoƙin da ake zargin tsufa ne ya ɓata su, wannan ne ciwonsu.

Kwabo a kan hannun na'ura

Tsohuwar dabara ce: idan allura na tsalle, a ɗora mata kwabo. Tsallen yakan tsaya, amma an ninka nauyin da ke kan bakin allura sau biyu ko uku, an danne karan, an kuma ƙara saurin cin faifan. Tsalle alama ce ta datti, ko lanƙwasar faifai, ko mutuwar allura, ko teburin da bai daidaita ba, kuma kowanne da maganinsa. Rage nauyi fiye da kima shi ma ɓarna ne, domin allurar da ba ta zauna daram ba tana karo da bango tana ɓantarar sa. Abin da ya dace shi ne adadin da kamfanin ya rubuta, a auna shi da ɗan sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal.

Gudun juyawa ma yana shiga cikin lissafi. Wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Tsohuwar na'urar da aka yi don Amurka, in injinta na bin kaɗawar wuta ne, za ta yi jinkiri da kashi ɗaya cikin shida a nan ko da an sa mata taransifoma, muryar mawaƙi ta yi kauri ta ja. Ƙaramin janareto kuma gudunsa na hawa da sauka, sai kalangu ya riƙa lilo. Na'ura mai daidaita gudunta da kanta, irin jerin Technics SL-1200 da aka fara yi a 1972, a kan wutar sola mai inbata mai kyau, ta fi dacewa da yankin da wutar gwamnati ba ta da tabbas.

Hujjojin masu ganin ɓata kuɗi ne

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce ta banza, tunda yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu wanke sauti. Gaskiya ne manhaja na iya cire ƙas-ƙas na tabo da rage shuuu, har Audacity ta kyauta tana yin wani abu a kai. Amma cire ƙara daban, dawo da abin da ba a ɗauka ba daban. Idan allura ta tsallake harafi, manhaja ba ta da inda za ta samo shi sai dai ta yi hasashe. Irin waɗannan manhajoji kuma galibi da maganar Turanci da kiɗan Turawa aka horar da su, don haka suna iya ɗaukar karkarwar gurmi ko zirin kukuma a matsayin ƙara su share. Sakamakon yakan fito sumul, amma muryar ta koma ta wani mutum dabam. Kwafin da aka ɗauka da allura mai kyau ana iya sake wanke shi da kowace sabuwar manhaja nan da shekara goma. Wanda aka ɗauka da mummuna haka zai tabbata.

Wasu kuma na cewa ai waƙoƙin suna nan a kaset da memori. Shahararrun suna nan, amma yawancinsu kwafi ne na kwafi na kwafi, kowane hawa yana zubar da wani abu, kafin a zo a matse su zuwa MP3. Mawaƙan da ba su yi suna sosai ba kuwa, wanda ya buga faifai ɗaya ko biyu ya koma gona, ba lallai ne wani ya taɓa juya nasa zuwa kaset ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta tsada da wahalar samu. Allura mai kyau da dala ake sayen ta, sai an yi odarta daga waje, jabu kuma sun cika kasuwar intanet. Kamfanin Shure, wanda kawunansa ke kan tsofaffin na'urori da yawa, ya daina yin su tun 2018. Wannan gaskiya ce. Sai dai kasuwar faifai ta farfaɗo a duniya: a 2022 an sayar da faya-fayan roba fiye da CD a Amurka, karo na farko tun 1987. Saboda haka ana ci gaba da ƙera sababbin kawuna da allurori, kuma na matakin farko daga kamfanin kirki bai kai kuɗin matsakaiciyar wayar Android ba. Araha ba ta ado, balle a kan abin da ba shi da na biyu.

A ɗaya gefen kuma, bai kamata a biye wa masu son kayan sauti na Turai da Japan ba, waɗanda ke kashe kuɗin mota a kan kai ɗaya. Tazarar da ke tsakanin mataccen siramik da sabon MM mai sauƙin kuɗi ita ce babba, kowa zai ji ta. Abin da ke sama da haka ƙari ne kaɗan a kan kuɗi mai yawa. Faifan da ya sha ƙurar hunturu shekara hamsin ya fi buƙatar wanka da saiti mai kyau fiye da allurar alfarma.

Abin da ya kamata a yi

Ga wanda ya tsinci faya-fayai a gida, mataki na farko shi ne ya dakata, kada ya ɗora su a kan komai. Faifan da ya jira shekara arba'in zai iya jiran wata uku. Sai a bi wannan tsari:

- A ware na 78 daga na roba, a jera su a tsaye a inuwa, nesa da rufin kwano, domin zafi na lanƙwasa roba.
- A wanke da tataccen ruwa irin na batir da ɗigon sabulun ruwa, a bi tsagi a zagaye da burushi mai laushi, a kiyaye takardar tsakiya, a bari ya bushe sarai. Kada sifirit ya taɓa faifan 78, yana narkar da shelak. Ƙura a cikin tsagi kamar yashi take ga allura da faifai duka.
- A sa sabuwar allura wadda ta dace da irin faifan, a auna nauyi, a gwada a kan faifan da ba a damu da shi ba.
- A ɗauka ta waya zuwa kwamfuta, a adana a WAV ko FLAC. Ma'aunin da ɗakunan adana sauti ke bi shi ne bit 24 da kilohaz 96.
- Idan faifan mono ne, a haɗe hagu da dama su zama ɗaya bayan an ɗauka. Wannan kaɗai yana rage ƙara sosai.
- A ɓoye kwafin asali ba tare da an taɓa shi ba, a yi gyara a kan wani. A ɗauki hoton takardar tsakiya da kwalin, domin sunan kamfani da lambar faifai su ne shaidar tarihi.

Ba kowane gida ne zai sayi waɗannan kaya ba, kuma babu buƙatar haka. Na'ura ɗaya mai kyau, da kai ɗaya, da allurori uku, da matashi ɗaya da ya koyi saiti, sun ishi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo duka. Masarautar Karaye, wadda dokar 2024 ta haɗa ƙananan hukumomin biyu a ƙarƙashinta, tana da kimar da za ta sa magidanta su fito da abin da ke cikin adaka, in an tabbatar musu za a mayar musu da kayansu tare da kwafi. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da masu nazarin Hausa a Jami'ar Bayero su ne wuraren da ya dace a ajiye kwafi na biyu. Akwai kuma shirin Ɗakin Karatu na Birtaniya na ceto kayan tarihi masu fuskantar barazana, wanda ke ba da tallafi ga irin wannan aiki tun 2004. Wanda zai ɗora waƙa a intanet don neman kuɗi kuwa ya tuna cewa mawaƙan sun bar magada, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare su.

Waƙoƙin Hausa da David Ames ya ɗauka a shekarun 1960, waɗanda aka buga a faifai cikin jerin UNESCO, har yau ana jin su tangaram a ɗakunan karatu na Turai da Amurka. Roba iri ɗaya ce da wadda ke cikin akwatunan Karaye da Rogo. Bambancin shi ne can an adana ta, kuma ba a bari matacciyar allura ta hau kanta ba. Wannan kuwa abu ne da matasan yankin za su iya yi da kansu, in sun yarda su fara da allura.